Jandarman Motar Halliru

A tashar motar Gumel, idan ka tambayi Halliru direba za a ce maka wanne, don su uku ne. Amma idan ka ce Halliru Na-Sani, ko mai shayi zai nuna maka shi da cokali. Daga bakinsa ya samo sunan, domin ba a taɓa fara gaya masa magana an kai ƙarshenta ba. Ka ce masa tayar baya ta sace, ya ce ai ya sani. Ka ce an rufe boda, ya ce tun jiya ya sani. Wata rana aka ce masa gefen rigarsa na cin wuta, sai da ya ce ya sani sannan ya duba.

Abin da bai sani ba shi ne ranar da matarsa Juwairiyya za ta gaji. Shekara goma sha ɗaya yana shan taba, kwali guda a wuni, a mota, a zaure, har cikin ɗaki. 'Yarsu Ummi mai shekara uku ta kamu da wani tari mai shaƙe ƙirji, a asibiti kuma aka ce hayaƙi ne ke tayar mata da shi. Juwairiyya ta faɗa masa sau ɗaya, sau biyu, sau goma, kullum amsar ɗaya ce. Ran nan a farkon damina ya dawo daga lodi ya tarar da ɗaki a share, tukunya a kife, babu uwa babu 'ya. Sun tafi gidan mahaifinta, wani ƙauye a bayan Sule Tankarkar.

Washegari ya bi sawu. Surukinsa Malam Abdulganiyu manomi ne marar hayaniya, irin dattawan da sai sun gama tauna goro suke ba da amsa. Ya saurari Halliru har ya yi shiru don kansa, sannan ya ce shi bai riƙe matar kowa ba, amma jikarsa ba za ta koma cikin hayaƙi ba. Sharaɗinsa shi ne Halliru ya je ya yi kwana arba'in bakinsa bai fitar da hayaƙi ba, ranar cikon arba'in ya zo da babbansa a yi biko yadda aka saba, ya tafi da iyalinsa. Shaida kuwa, Allah yana gani, hancin Juwairiyya ma yana aiki.

Da wani ne, da ya gode ya tashi. Halliru ya gyara zama ya ce a wannan zamani hanci ba hujja ba ne, don hanci yana mura. Shi shaidar kimiyya zai kawo, wadda ba ta son kai, ba ta karɓar goro.

Kwana biyu ya yi a Kano, ya dawo da abu uku a leda, ya baje su a kan bonet ɗin motarsa a tsakiyar tasha. Na farko tabar lantarki ce, wata 'yar aba kamar murfin alƙalami mai kauri, ana yi mata caji kamar waya, in an zuƙa ta fitar da farin gajimare mai ƙanshin mangwaro. Na biyu wata farar na'ura ce mai faɗin faifai, da layin waya a cikinta. Na uku sabuwar babbar waya.

Ya yi wa jama'a bayani yana bubbuga bonet. Turawa, in ji shi, da wannan 'yar abar suke rabuwa da taba, kuma ita ba taba ba ce, tururi ne zalla irin na dambu. Na'urar kuma a rufin mota za a manna ta, duk lokacin da ta shaƙi hayaƙin sigari za ta yi kururuwa ta kuma aika saƙo kai tsaye zuwa wayar nan, wayar kuwa a hannun surukinsa za ta zauna. Shi zai sha tururinsa lafiya, na'ura ta yi shiru, waya ta yi shiru, Juwairiyya ta dawo.

Manu ɗan kamasho, wanda ke tara masa fasinja tun yana yaron mota, ya ɗauki kwalin na'urar yana jujjuyawa. Ya ce Turancin da ke jiki yana da yawa, ko za a kai wa wani malamin makaranta ya karanta? Ya kuma tambayi abin da mai shagon ya ce game da ita.

Halliru ya karɓe kwalin ya ce, "Ya fara wani dogon surutu, na ce masa na sani. Kai Manu, ga hoton hayaƙi, ga jan layi an ja a kansa. Wannan ma sai an kira farfesa?"

Aka yi gwaji a take. Aka kira wani mai faci da ya yi suna wajen zuƙa, ya shiga mota ya kunna kara ɗaya ya busa sama. Aka yi jim kamar minti guda, har an fara dariya, sai na'urar ta kunna jan ido ta saki wata ƙara kamar an taka wutsiyar kyanwa. Mai shayi ya zubar da madara. Halliru ya ɗaga hannu biyu kamar wanda ya ci zaɓe. Babu wanda ya ce a gwada ta da tabar lantarkin, shi kuwa a ganinsa gwada ta da tururi cin fuska ne ga kimiyya.

A ranar ya kai wa Malam wayar, ya ce ya riƙa tafiya da ita kasuwar Sule Tankarkar duk mako, inda ake samun sabis mai kyau. Malam ya karɓa da hannu biyu, ya ce amana ce, zai kula da ita.

Ranar Alhamis, ranar kasuwar Maigatari, aka yi lodin farko. Ana yayyafi, gilasai duk a rufe, mutum huɗu a baya, biyu a gaba, buhunan wake a but. Suna fita gari Halliru ya zaro abarsa ya ja dogon numfashi, ya cika mota da mangwaro, ya mayar aljihu yana murmushi. Minti guda bayan nan na'ura ta fasa ihu.

Ya taka birki har hular wani ta faɗo. Ya juyo yana kallon fasinja ɗaya bayan ɗaya, ya ce duk wanda ya kunna sigari ya fito da ita da mutuncinsa, don a yanzu haka saƙo ya tafi wurin surukinsa, kuma aurensa ake wasa da shi. Kowa ya ware hannu. Wata dattijuwa mai tallar daddawa ta ce ita ko ashana ba ta taɓa riƙewa a mota ba. Wani bafatake daga Damagaram, da ke zaune a gaba, ya nuna cewa ai direba ne kaɗai ya busa wani abu.

"Mushe, wannan tururi ne," in ji Halliru, yana kiransa yadda ake kiran maza a ƙetaren boda. "Matarka in ta buɗe tukunyar dambu cewa kake ta sha taba?"

Mutumin ya ɗaga kai ya dubi jan idon da ke ƙiftawa, ya ce shi dai ya ratsa shingaye da yawa a rayuwarsa, amma yau ne ya fara shiga motar da ke yawo da jandarmanta a rufi, irin jami'an tsaron da ke tare hanya a ƙasarsu. Daga ranar sunan ya bi na'urar. Kafin su isa Maigatari Jandarma ya yi kuka sau huɗu, sau huɗu kuma Halliru ya tsaya ya sa maza zazzage aljihu. An samu goro, an samu asuwaki, an samu wasiƙar da wani ya ɓoye wa matarsa, ba a samu ko karan ashana ba. Sun isa an gama cinikin safe.

A dawowa ya ɗauko wani mutum da ragonsa. Jandarma ya yi kuka a daidai rabin hanya. Halliru ya binciki mai rago bai ga komai ba, sai ya buɗe but ya tsaya yana nazarin ragon. Ya yanke hukunci cewa dabbar a gonar taba aka yi kiwonta, numfashinta ne ke tashi. Mai rago ya rantse cewa dusa da harawa kawai yake ci. Halliru ya ce ya sani, haka duk masu shi ke cewa, ya kuma kafa doka daga ranar ba ya ɗaukar rago sai an shinshina bakinsa.

Kafin mako ya zagayo duk tashar ta gane abin da ke faruwa, ban da mutum ɗaya. Manu ya gwada gaya masa sau biyu. Na farko Halliru ya ce hassada ce. Na biyu ya zaro abar ya busa a gaban Jandarma, ya ƙirga ɗaya zuwa goma da ƙarfi, ya ce to ina kukan? Ya fita ya rufe ƙofa ya nufi masallaci. Yana alwala Jandarma ya fasa ihu a motar da babu kowa, da ya dawo kuma ya tarar da Manu a jingine da ita, sai ya ce a buɗe baki ya shinshina. Daga nan Manu ya bar shi, sauran direbobi kuma suka mayar da abin kallo. Har kujera ake ja a zauna idan Na-Sani zai tashi.

Gaskiya guda dai sai a faɗe ta: tun ranar da ya dawo daga Kano bai sa sigari a bakinsa ba. Sai dai a da kwali yana ƙarewa ya huta, ashana tana jiƙewa, iska tana kashe wuta. Ita wannan ba ta ƙarewa sai caji, cajin kuma a motar yake yi. Mutumin da ke zuƙa sau ashirin a wuni ya koma ba ya sauke hannu daga baki sai zai canza giya.

A rana ta goma sha bakwai ya tafka babbar. Baffansa Ɗantsoho, ƙanin mahaifinsa, dattijo mai shekara saba'in da ba a raba shi da carbi, ya ce ya kai shi ta'aziyya Gagarawa. Su biyu ne kaɗai a motar. Halliru ya ja mangwaronsa sau biyu a ɓoye ta gefen taga, don kunyar Baffa. Jandarma bai ji kunyar kowa ba.

Halliru ya gangara gefen hanya ya kashe mota. Ya yi lissafi a zuciyarsa: mutum biyu ne, shi kuma ya san ba shi ba ne.

"Baffa," ya ce da murya ƙasa-ƙasa, "ni ba zan gaya wa kowa ba. Tun yaushe ka fara?"

Baffa ya tambaye shi fara me. Da ya fahimta, sai ya dube shi tun daga hula har takalmi, ya ce shi ya yanka ragon sunansa, bai san a lokacin ya kamata ya bar ragon ya yanka wani abu ba. Halliru ya ce girma daban, kimiyya daban, ko Baffa zai ɗan ɗaga babbar rigarsa a duba aljihun ciki? Baffa ya buɗe ƙofa ya fita. Halliru ya bi shi a hankali da mota yana cewa ya shigo a yi maganar cikin sirri, akwai ma magani, shi kansa da shi ya daina. Dattijon bai waiwayo ba. Da ƙafa ya ƙarasa Gagarawa Tasha a cikin yayyafi, carbi a hannu, rigarsa sharkaf.

Labarin ya riga Halliru komawa Gumel. Fasinja suka fara gudun motarsa, mata suka ce ba za a zazzage musu jaka a bainar jama'a ba, Manu kuwa in ya kira lodi sai ya ƙara da cewa mai son bincike ga ta Na-Sani. Halliru ya koma yawo shi kaɗai yana tsintar na hanya. Abin mamaki, ko shi kaɗai ne Jandarma ba ya fasawa.

Ya yi tunani ya gano dalili: hayaƙin shekara goma sha ɗaya ne ya maƙale a kujeru yake fitowa sannu a hankali. Ya wanke mota da omo sau uku. Bai yi ba. Ya kwance kujerun baya gaba ɗaya ya shimfiɗa tabarma, 'yan fasinjan da ya samu suka riƙa zama a harɗe kamar masu jiran tuwo, suna gangarawa kan juna a kowace kwana. Bai yi ba. Mai shayi ya ba da shawara, fuskarsa babu alamar wasa, cewa wataƙila motar tana da aljani mai shan taba. Halliru ya ce shi ɗan zamani ne bai yarda da wannan ba, amma da azahar aka gan shi a bayan tasha ya rufe gilasai ya turara motar da kaskon garwashi da haɗin kayan hayaƙi. Ranar Jandarma ya yi kukan da har masu keke napep suka taho daga bakin kasuwa suna tambaya ko gobara ce.

Duk wannan bai dame shi kamar saƙonnin ba. Kullum yana jiran a aiko masa daga ƙauye cewa kada ya wahalar da kansa. A rana ta ashirin da tara ya haɗu da wani mai babur ɗan ƙauyen, ya tambaye shi a kaikaice. Mai babur ya ce ai Malam kullum yabon Halliru yake, ya ce wayar nan tun da aka kawo ta ko tari ba ta yi ba.

Halliru ya tsaya cak. Sannan fuskarsa ta washe. Ya koma tasha ya tara jama'a ya yi musu sabon bayani: Jandarma yana da ƙwaƙwalwa. Kukan da yake yi gargaɗi ne ga baƙi, amma ba ya kai ƙara sai in mai motar ne da kansa ya sha. Ya san muryar numfashin ubangidansa. Ya ce dama tun farko ya san haka, yana so ne ya gwada su. Ya mayar da kujeru, ya sayi goro da turmin atamfa da sabulu, da alawa leda guda ta Ummi.

Matsalar da ta rage ita ce babban da zai jagoranci biko, kuma Baffa Ɗantsoho kaɗai ya rage a gidansu. Sai da mahaifiyar Halliru ta je roƙonsa har sau biyu. Baffa ya ce zai je saboda yarinyar nan ƙarama da ba ta yi masa komai ba, amma a gidan baya zai zauna, kuma kada direba ya yi masa magana.

Ranar arba'in suka isa ƙauyen da hantsi, Baffa da Manu da Halliru cikin shadda mai sitaci. Gero ya kai kafaɗa ko'ina. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, maƙwabta suka taru, aka gaisa aka sake gaisawa. Baffa ya yi magana mai kyau ta ban-haƙuri, ya ajiye goro. Malam ya shiga ciki ya fito da wani ƙunshi, ya kwance tsumma, ya kwance leda, ya kwance wani tsumman, ga waya sabuwa fil. Ya ce shi dai bai ji komai daga gare ta ba, Juwairiyya ma ta leƙo ta ce rigar mijinta ba ta warin da ta sani. Don haka magana ta ƙare, ta haɗa kayanta.

Ummi ta fito da gudu ta faɗa jikin ubanta. Juwairiyya ta tsaya a bakin zaure da jakarta a hannu, tana ɓoye murmushi da mayafi. Da Halliru ya tashi a wannan lokacin, da yanzu wani labarin ake ba ku.

Sai Safinatu, ƙanwar Juwairiyya, ɗalibar makarantar koyon aikin lafiya da ta zo hutu, abokiyar wasan Halliru tun ranar ɗaurin aure, ta leƙo ta kafaɗar yayarta.

"Mijin Yaya, an ci sa'a," ta ce. "Wayar da ke kashe a ƙasan adaka kwana talatin da tara, ko gawa ta fi ta surutu."

Malam ya ce gaskiya ne ya sa an kashe ta don kada batir ya ƙare, kasuwa kuma bai kai ta ba, ina shi ina yawo da amanar mutane cikin 'yan sane. Amma wannan ba komai, shi ya gamsu. Baffa ya ce a yi addu'a a tashi. Manu ya matso ya taka ƙafar Halliru da ƙarfi.

Halliru ya janye ƙafarsa. Ya ce a'a. Ba zai yarda gobe a ce Na-Sani ya karɓi matarsa ta bayan gida ba. A kunna waya. Safinatu ta ce ko an kunna babu sabis a garin nan sai a kan surin da ke gindin tsamiyar bakin gona. Ya ce ya sani, a tafi surin.

Haka gari ya ɗunguma, maza a gaba, mata a baya, har da masu dawowa daga noma da fartanya a kafaɗa. Halliru ya tattare shaddarsa ya hau surin, ya kunna waya ya ɗaga ta sama, ya fara jawabi a kan yadda zamani ya wuce zato da zargi. Yana cikin cewa "shiru ita ce shaidata" wayar ta ce ƙit.

Ya ce wannan gaisuwar kamfanin layi ce. Ta sake cewa ƙit. Sannan ƙit-ƙit. Sannan ta ɓarke gaba ɗaya kamar kwaɗi bayan ruwan farko, tana rawa a hannunsa, babu numfashi tsakanin wannan da wancan. Ya sa ta a aljihu, aljihun ya ɗauka. Ya danne ta da hula, hular ta ɗauka. Wani tsoho ya tambaya ko haka shirun zamani yake. Kusan minti goma ana tsaye kafin ta lafa.

Halliru ya share gumi ya ce duk na fasinja ne, shi ya san irin mutanen da ya ɗauka, har da waɗanda ba za a zata ba. Bai kalli Baffa ba, amma kowa ya kalla.

Safinatu ta karɓi wayar ta duba. Ta ce saƙo dubu ɗaya da ɗari biyu da goma sha shida ne, kuma kowanne na'urar ta rubuta irin abin da ta shaƙa. Na hayaƙin sigari guda ɗaya ne tak, ranar farko. Manu ya ce wannan mai faci ne, shi shaida ne. Guda ɗaya an rubuta hayaƙi mai yawa, a duba ko gobara ce. Sauran dubu da ɗari biyu da goma sha huɗun duk abu ɗaya ne: tururin tabar lantarki. Ta ƙara da cewa ai ita wannan na'ura don shi aka ƙera ta, a makarantun ƙasashen waje ake manna ta don kama ɗalibai masu zuƙar abin a ɓoye. Mai shago ya sayar masa da ɓarawo da ɗan sanda a leda ɗaya.

Baffa ya ce a duba masa ranar Asabar ta ta'aziyyar Gagarawa, wajen ƙarfe goma sha ɗaya. Ta duba ta karanta. Ya ce a sake karantawa da ƙarfi, akwai na baya da ba su ji ba.

Halliru ya sauko daga suri, amma bai sauko daga bakansa ba. Ya ce to ai magana ta fito, sigari ya daina, na'ura da kanta ta shaida. Wannan kuwa tururi ne, ko jariri ba zai cutar ba. Malam ya ce shi bai taɓa ganin abar ba, a nuna masa. Halliru ya zaro ta da alfahari, ya ja iya ƙarfin ƙirjinsa don a ga kyan abin, ya saki gajimaren da ya rufe rabin taron.

Ummi tana riƙe da gefen rigarsa, alawa a ɗaya hannun. Ta yi tari sau ɗaya. Ta sake. Sannan tarin nan mai shaƙewa ya taso, wanda ba a ji shi a gidan ba tun mako biyar, har alawar ta faɗi a ƙasa.

Babu wanda ya yi dariya. Juwairiyya ta ajiye jakarta, ta zo ta ɗauki 'yar ta saɓa a kafaɗa tana shafa mata baya har numfashin ya daidaita.

"Baban Ummi," ta ce, ba tare da ɗaga murya ba, "ka bar sigari, na gani, kuma na ji daɗi. Ban zaci za ka iya ba. Amma ƙirjinta bai san mangwaro ba. In tsani ka taka ka fito daga rami, to ka sauka daga kan tsanin mana."

Halliru ya buɗe baki. Duk wanda ya san shi ya jira kalmar nan. Ba ta fito ba.

Malam ya gama tauna goronsa ya yanke magana: wani arba'in ɗin, daga yau, babu hayaƙi babu tururi. Jandarma ya ci gaba da zama a mota tunda ya tabbata mai gaskiya ne, waya kuma a hannun Safinatu, kullum da la'asar ta hau suri. Kayan biko a bar su, ba sai an sake saye ba. Halliru ya miƙa wa Baffa tabar lantarkin a gaban kowa, ya ce ya riƙe, shi da ita har abada. Ya durƙusa ya ɗauki alawar ya goge ya ba Ummi, suka shiga mota.

Sun hau kwalta ke nan, Baffa a gidan baya yana jujjuya abar a hannu. Ya ce bari dai ya ji abin da ya sa shi tafiyar ƙafa a cikin ruwa. Kafin Halliru ya juyo, dattijo ya kafa baki ya ja, ya ƙware, ya yi tari har da hawaye, ya ce mangwaron ma ɗanye ne.

Manu ya fara ƙirgawa a hankali. Bai kai sittin ba Jandarma ya fasa ihu.

Halliru ya juya mota a tsakiyar titi ya koma a guje. Ya tarar taron bai watse ba, Safinatu na kan suri da waya a sama, kowa ya ji ƙit ɗin da kunnensa. Ya fito yana haki.

"Wallahi Baba ba ni ba ne. Baffa ne."

Jama'a suka juya suka dubi gidan baya. Ga dattijo zaune a natse, farin gemu, carbi na tafiya a yatsunsa. Ya sauke gilashi a hankali ya dubi Malam.

"Malam Abdulganiyu, ka dai ji da kunnenka irin abin da nake fama da shi."

Malam ya girgiza kai, ya ce Allah ya shirya, a bar yau ta wuce a banza, gobe ce ranar farko.

A hanyar Gumel Baffa ya jefa abar cikin wani kududdufi, ya gyara zama, ya ce wa ƙeyar direba kwana ɗaya ne kacal ya ci masa, tafiyar Gagarawa kuwa ta fi haka tsada, saura ya yafe. Ya tambaye shi ko ya san da haka.

Halliru ya ce bai sani ba.